Furosesa da katin hoto a farashi ɗaya: yadda ake gane haɗin da ya ci kuɗinsa

Ɗan 'yar'uwata da ke zaune a Kubwa ya kusa shekara yana tara kuɗi daga zanen fosta da katin biki da yake yi wa mutane, burinsa ya haɗa kwamfutar gem. Wata Asabar ya turo mini hoton talla da ya gani a waya, ya biyo da saƙon murya: "Kawu, don Allah duba mini wannan. Core i7 ne da katin hoto mai giga takwas, an haɗa su kuɗi ɗaya, kuma mai kayan ya ce in na kai Litinin wani zai ɗauka." Na tambaye shi furosesar, wato i7 ɗin, ta wace shekara ce, katin kuma mene ne cikakken sunansa. Ya ce tallar ba ta faɗa ba. Da ya kira mai kayan, sai ga shi i7-3770 ne, wanda Intel ta fitar a 2012, katin kuwa RX 580 ne mai ɗauke da 2048SP a wutsiyar sunansa.

Mai kayan bai yi masa ƙarya ba. I7 ɗin i7 ne, gigan ma takwas ne cif. Abin da ya dame ni shi ne waɗannan kalmomi biyu, su kaɗai, sun kusa raba yaro da gumin shekara guda, alhali ba su gaya masa komai a kan yadda wasa zai gudana a gabansa ba. Irin wannan haɗi ya cika shagunan Banex da Emab a Wuse, ya cika tallace-tallacen waya, kuma a cikinsa akwai mai kyau ƙwarai akwai wanda ba shi da amfani. Farashi ɗaya da aka ɗora wa kaya biyu yana ɓoye wanne ne ake sayarwa don darajarsa, wanne ne kuma aka rataya masa don a rabu da shi. Duk wanda ya saba sayen nama ya san mahauci ba ya ba da tsoka zalla, sai ya haɗa da ƙashi. Aikin mai saye ne ya san nawa ne tsokar, nawa ne ƙashin.

Kafin a kai ga kuɗi, sai an fahimci yadda kayan biyu suke raba aiki. A wasan ƙwallo irin su EA Sports FC, furosesa ce ke lissafin inda ƙwallo ta nufa, yadda 'yan wasa ashirin da biyu za su motsa, da abin da ɗan yatsanka ya danna. In ta gama sai ta miƙa wa katin hoto umarni, shi kuma ya zana ciyawa, riguna, inuwa da 'yan kallo. Wannan miƙa-da-karɓa ana yin sa a kan kowane hoto guda, wanda 'yan harkar ke kira firam. Don a samu firam 60 a sakan ɗaya, dole su biyun su kammala kowanne cikin kimanin kashi 17 cikin 1,000 na sakan. Kamar shanun huɗa suke a karkiya ɗaya: ko da ɗaya bijimi ne ƙosasshe, garma ba za ta wuce saurin ramammen ba, kuɗin da aka kashe a kan ƙosasshen kuma yana nan zaune ba ya aiki.

Wanne ne ramammen? Amsar tana canzawa da allon da aka jona da kuma wasan da ake bugawa, shi ya sa babu haɗin da za a ce ya dace da kowa. Allon 1080p yana da ɗigon hoto kusan miliyan 2.07, na 1440p kusan miliyan 3.7, na 4K kuwa kusan miliyan 8.3, wato ninki huɗu na farkon. Duk ƙarin ɗigon nan a wuyan katin hoto yake faɗawa. Aikin furosesa kusan bai canza ba, domin 'yan wasa ashirin da biyu ne ko a wane allo. Saboda haka mai babban allo kati ne zai fara gaza masa. Mai buga Valorant ko Counter-Strike 2 a 1080p, wanda ke neman firam 200 zuwa sama, shi furosesa ce za ta fara shaƙe shi, don zanen waɗannan wasanni ba shi da nauyi, yawan umarnin ne ke da yawa. Akwai kuma abin da na ga ana yawan mantawa da shi a nan: allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan ba zai nuna maka cikakkun hotuna fiye da 60 ba, ko da injin yana fitar da 180. Da yawa daga cikin matasanmu tsohon allon ofis ko talabijin ɗin falo suke jonawa. Wanda yake wannan hali ya sayi haɗin da ke tashi sama da abin da allonsa zai iya nunawa, ya biya kuɗin abin da idonsa ba zai gani ba.

Gane ramammen ba ya buƙatar malami. Manhajar MSI Afterburner kyauta ce, tana nuna a gefen allo kashi nawa na ƙarfin kati ake amfani da shi yayin wasa. In katin yana zaune a kashi 95 zuwa 99, yana cin kuɗinsa. In yana yawo a kashi 60, ba a saka wa firam iyaka ba, kuma wasan na sarƙewa, to wani abu ne ke riƙe shi, galibi furosesa ko ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da inji ke aiki da ita. Kada a ruɗu da jimillar aikin furosesa da ke nuna kashi 40 kacal. Wasa na iya ɗora nauyinsa a kan ƙwayar aiki ɗaya ko biyu daga cikin ƙwayoyinta, su cika maƙil, sauran suna hutu. Haka kuma matsakaicin firam shi kaɗai bai isa shaida ba. Inji biyu na iya nuna 90, amma ɗaya yana faɗuwa zuwa 25 duk lokacin da aka yi cunkoso a gaban raga. Masu gwaji suna auna kashi ɗaya mafi ƙasƙanci na firam saboda wannan, kuma a nan tsohuwar furosesa take tona kanta.

Sai batun sunaye, wanda a ganina a nan aka fi cutuwa. "i7" matsayi ne a cikin zuriya ɗaya kawai. Lambar da ke biye ita ke faɗin shekaru. I7-3770 da i7-4790 na 2014 suna da ƙwaya huɗu. I3-12100F na 2022 ma ƙwaya huɗu gare ta, kuma a wasa ta bar su a baya da nisa, duk da sunanta ƙarami ne. Ƙari a kan haka, zuriya ta uku, wato ta i7-3770, ba ta da rukunin umarnin AVX2 da wasu sabbin wasanni ke nema kafin ma su buɗe. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel zuriya ta takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin inji. Manyan wasannin harbi na intanet sun fara bin wannan sawu don hana maguɗi: Battlefield 6 ba ya tashi sai an kunna Secure Boot, wani tsarin tsaro na lokacin tashin inji. Wato tsohon inji na iya samun ƙarfin wasa amma a hana shi shiga fili.

Irin wannan ne haɗin Xeon da ake shigo da shi daga Sin, furosesar tsofaffin kwamfutocin rumbun bayanai a kan madabod, wato babban faifan da ake dasa kayan inji a kansa, mai suna X99. E5-2680 v4, misali, tana da ƙwaya 14, kuma lambar tana cika ido a talla. Ga mai haɗa bidiyo da ƙaramin jari tana da amfaninta. Wasa kuwa ya fi son ƙwaya shida masu sauri a kan goma sha huɗu masu nawa.

A ɓangaren kati, kamfanonin da kansu suka jawo ruɗanin, domin sun sha sayar da kaya biyu mabambanta da suna ɗaya. GTX 1060 na 2016 yana da mai giga 6 da mai giga 3, kuma na ukun har ƙwayoyin zanensa an rage, 1,152 a maimakon 1,280. RTX 3060 na asali, na 2021, giga 12 ne da hanyar bayanai mai faɗin bit 192. Daga baya aka fito da mai giga 8 da bit 128, wanda ya fi shi rauni a fili. RTX 3050 yana da mai 8 da mai 6. GT 1030 yana da mai ma'ajiya nau'in GDDR5 da mai nau'in DDR4, na biyun kuma ya yi ƙasa sosai. Shi kuwa RX 580 2048SP da aka tallata wa ɗana, an yi shi ne don kasuwar Sin, ƙwayoyinsa 2,048 ne daidai da na RX 570, alhali cikakken RX 580 yana da 2,304. Duk tallar da ta tsaya a rabin suna, sai a nemi sauran rabin kafin a yi maganar kuɗi.

Giga nawa ne a kati, wannan tambaya tana da fuska biyu. Yawan giga ba ya nufin sauri. Rumbu ne kawai, kuma babban rumbu ba ya ƙara wa manomi ƙarfin hannu. Amma in rumbun ya yi kaɗan, hatsi zai zube a waje. Tun 2023 aka fara ganin manyan wasanni suna cika giga 8 ko a 1080p in an ɗaga ingancin zane, sai hoto ya riƙa tsinkewa ko bango ya koma kamar an shafa masa laka. Shi ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce da Nvidia ta fitar da RTX 4060 a 2023 da RTX 5060 a 2025, dukkansu a dala 299 da giga 8. RTX 5060 Ti ya zo kashi biyu, mai 8 a dala 379 da mai 16 a dala 429. RX 9060 XT na AMD ma haka, 299 da 349. A nawa ra'ayin, wanda zai riƙe kati shekara huɗu ko biyar, dala hamsin ɗin nan tana cikin kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk injin. Wanda kuwa ƙwallo da GTA V kaɗai ne abin wasansa, giga 8 ya ishe shi har da saura. Tsufa ma yana da iyaka: Doom: The Dark Ages na 2025 ba ya buɗewa a katin da ba shi da sashen lissafin haske na musamman, abin da ya fitar da duk jerin GTX da RX 500 daga layi.

Akwai kuma kayan da kowannensu lafiyayye ne shi kaɗai, amma aurensu bai dace ba, kuma wannan ne ainihin abin da ya kamata mai haɗawa ya sani. RX 6500 XT layi huɗu kacal yake amfani da su wajen magana da furosesa. A kan PCIe 4.0, wato zubi na huɗu na wannan hanyar magana, yana lallaɓawa; a kan 3.0 hanyar ta ragu da rabi, ga shi giga 4 ne kawai, sai ya durƙushe. To Ryzen 5 5500 da 5600G duk a 3.0 suka tsaya, ga su da araha, don haka sau da yawa su ake haɗa masa. Arc B580 na Intel, mai giga 12 da ya fito a dala 249 a ƙarshen 2024, ciniki ne mai kyau a kan sabon inji, amma yana buƙatar a kunna Resizable BAR, wani saiti da ke ba furosesa damar isa ga duk rumbun kati lokaci ɗaya, kuma a kan tsohuwar furosesa yana zubar da ƙarfi mai yawa. Ko tsakanin Ryzen 5 5500 da 5600, da sunansu ya yi kama, akwai rata: ta farko tana da ma'ajiyar kusa, wato ƙaramin rumbu mai sauri a cikin furosesa, mai mega 16, ta biyu 32, kuma wasanni suna son wannan ma'ajiya ƙwarai. Dalilin ke nan da 5800X3D, mai mega 96, ta yi suna tun fitowarta a 2022.

Yanzu kuɗi. Hanyar da nake bi ita ce in kwance haɗin. In tambayi farashin furosesar ita kaɗai a shago biyu ko uku, in tambayi na katin, in tara, in kwatanta da abin da aka ce. A Banex wannan ba ya cin awa ɗaya, shagunan suna jere. In ragin da aka yi ƙarami ne, to an ɗaure maka hannu ne a banza, gara ka zaɓi kowanne da kanka. In ragin ya yi yawa har ya ba ka mamaki, sai ka nemi dalili. Akwai dalilai na halal: ɗan kasuwa ya sayo da yawa, ko kaya sun daɗe yana son kuɗinsa su juya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kaya iri ɗaya kan bambanta a farashi gwargwadon lokacin da aka shigo da su, don haka kwatancen da ya halatta shi ne na rana ɗaya a kasuwa ɗaya. Bayan nan sai a duba sakamakon gwajin wasan da za ka buga, a girman allonka, a raba kuɗin da yawan firam. A ce haɗi na farko ya fi na biyu tsada da kashi 30 amma firam ɗinsa ya fi da kashi 10 kacal. Lissafin ya riga ya yi magana.

Sai dai kuɗin da za a raba ɗin ba na kaya biyun kaɗai ba ne. Furosesa tana zuwa da danginta. Ryzen 7000 zuwa sama tana zama a mazaunin AM5, wanda ya fito a 2022 kuma ram ɗin DDR5 kaɗai yake karɓa, DDR5 kuwa ta yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025 saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe kayan. AM4 tsoho ne, tun 2016, madabod da DDR4 ɗinsa sun fi sauƙin samu a hannu, amma hanyarsa ta kusa ƙarewa, yayin da mai AM5 zai iya sauya furosesa nan gaba ba tare da ya taɓa sauran ba. Intel zuriya ta 12 zuwa ta 14 tana da madabod na DDR4 da na DDR5, sai an duba. Harafin F a ƙarshen sunan Intel yana nufin babu zanen ciki; ranar da kati ya lalace, allo baƙi za ka gani har ka gyara. Ram kuma a sa sanda biyu, 8 da 8, maimakon 16 guda ɗaya, domin hanya biyu ta fi ɗaya. Wanda aka yi wa tayin manyan i7 da i9 na zuriya ta 13 ko 14 na hannu ya tuna cewa a 2024 Intel ta amince suna da matsalar wutar da ke lalata su a hankali, ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, ta ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana hana lalacewa, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu.

Abin da masu gwajin Turai da Amurka ba sa sakawa a lissafinsu, mu kuma dole mu saka, shi ne wuta. RX 580 yana jan wat 185, RTX 3060 170, RX 6600 132, RTX 4060 115, RTX 3080 kuwa 320. A kan mita bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Ko a Band A, da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, ratar wat 70 na awa huɗu kullum yunit 8.4 ne a wata, bai kai naira dubu biyu ba. Inda abin yake ciwo shi ne idan an ɗauke wuta. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, kuma in na ruwa ne rabi ake so a ci don ya yi ƙarko. Injin da ke jan wat 250 har da allo zai yi awa huɗu da wani abu. Mai jan 450 da ƙyar ya wuce biyu da rabi, kuma a gidan akwai masu jiran fanka da fitila. Kati mai cin wuta yana kuma neman babban akwatin wuta na ciki, wanda ke raba wa kayan inji wuta, yana neman UPS mafi girma. Akwatin wutar nan shi ne inda masu haɗa inji suka fi matse kuɗi, shi ne kuma in ya ƙone yake iya tafiya da kayan da suka ninka shi tsada sau goma. Ga zafin Abuja a Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Kati in ya yi zafi da kansa yake rage gudu. Mutumin Jos yana da sauƙi ta wannan fuska, mu a nan sai mun nemi akwati mai shan iska.

Ban hana kowa sayen na hannu ba, yawancinmu shi muke iyawa. Tun da aka daina haƙo kuɗin kirifto na Ethereum da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya, musamman RX 570, RX 580 da jerin RTX 30. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji, man sanyayawarsu ya bushe. Akwai ma na jabu, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z tana gane da yawa daga cikinsu. Kada a biya sai an jona a shagon: a buɗe CPU-Z da GPU-Z a ga cikakken suna, a kunna wasa na minti ashirin ko talatin, a sa ido a kan zafi, a duba ko ɗige-ɗige masu launi suna fitowa a allo, a saurari ƙarar fanka. A rubuta lambar jikin kowane kaya a rasit, da kwanakin garanti na kowanne daban, domin a haɗi an fi samun gardama a kan wanne ne ya lalata wanne. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, na ga waɗanda da kansu suke jawo maka kujera.

In aka ce in faɗi inda zan karkata, ga mai buga manyan wasanni a 1080p ko 1440p, kati ya kamata ya ɗauki kaso mafi tsoka, furosesa kuma ta kasance mai ƙwaya shida ta 'yan shekarun nan, irin su Ryzen 5 5600, i5-12400F ko Ryzen 5 7600. Haɗin da ya sa babbar i9 a gefen ƙaramin kati an yi shi ne don sunan ya yi daɗin faɗa. Mai gidan gem da zai jera inji shida don ƙwallo, shi kuma cin wuta da ƙarko ya kamata su fi damunsa a kan firam.

Asabar ta gaba muka shiga Wuse da ɗana. Mun zaga shago huɗu, ya rubuta farashi a bayan takarda, muka tsaya a kan Ryzen 5 5600 sabuwa da RX 6600 na hannu, a kan madabod B550 don katin ya samu PCIe 4.0 ɗinsa, da ram sanda biyu. Kuɗin ya haura na tallar farko, har sai da ya haƙura da akwati mai fitilu ya ɗauki baƙi mara ado, muka juya rarar zuwa akwatin wuta mai nagarta. Mai shagon ya bar mu muka yi rabin awa muna gwaji, katin yana zaune a kashi 98. Allonsa har yanzu tsohon mai 60 ne, ya ce sai bayan Sallah in aikin katin biki ya buɗe zai nemi mai 144.